Haƙoran injin fasa dutse: ƙarfen da ke yanke kuɗin tsakuwa da ƙarkon gini

Duk wanda ya taɓa zuba kankare a gidansa, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Yamai, ya san cewa bayan siminti da ƙarfe babu abin da ke cin kuɗi kamar tsakuwa. Idan kamiyo ɗaya ya ƙara tsada, abin da aka saba ji shi ne gazuwal ya hau, ko hanya ta lalace, ko damina ta hana shiga wurin haƙa. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba, domin yana ɓoye a cikin injin da ke fasa dutsen: wasu faranta da sandunan ƙarfe ne da dutse ke ci kullum har su ƙare, a cire su a sa sababbi. Da Faransanci ana ce musu pièces d'usure, wato kayan da aka ƙera da niyyar su cinye. Ingancin waɗannan ƙarafa, da yadda ake kula da su, yana shiga cikin kuɗin da mai gini ke biya, yana kuma bayyana a siffar tsakuwar da aka juye masa a ƙofar gida.

Misali mafi kusa shi ne injin niƙa na unguwa. Idan haƙoran farantansa suka cinye, gari ba ya laushi, injin yana shan mai fiye da kima, mata suna daɗewa a layi. Mai injin ya san dole ya kwance su ya kai washi, ko ya sayo wasu. Haka abin yake a wurin fasa dutse, sai dai a can faranti ɗaya yana iya kai ɗaruruwan kilo, na manyan injuna ma ya haura tan guda, kuma babu mai wasa shi a kasuwa.

Yadda falalen dutse ke zama tsakuwa

Aiki yana farawa ne da huda dutse a sa nakiya. Ɓaraguzan da suka faɗo, wasu sun kai girman tanda, ana ɗebe su da katafila a kai bakin injin farko. Wannan shi ne mai muƙamuƙi: faranta biyu ne masu haƙora suna fuskantar juna, sama a buɗe, ƙasa a matse. Ɗaya a kafe yake, ɗayan yana matsowa yana komawa sau ɗaruruwa a minti. Dutse yana faɗawa tsakani, ana matse shi ya tsage, ya gangara inda ya fi ƙunci, a sake matse shi, har ya fita ta ƙasa. Wani Ba'amurke mai suna Eli Whitney Blake ne ya yi rajistar wannan injin a 1858, kuma domin samar da tsakuwar hanya ya ƙirƙiro shi. Har yau tsarin bai canza sosai ba.

Abin da ya fito daga muƙamuƙi bai isa gini ba tukuna, domin ya yi girma. Bel yana ɗaukarsa zuwa inji na biyu. Ga dutse mai tauri, yawanci ana amfani da wanda ake iya kwatantawa da turmi da taɓarya. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai siffar malfa yana jujjuyawa a karkace cikin wani kwano da aka kife a kansa. Duk inda malfar ta matso kusa da bangon kwanon, dutsen da ke wurin ya murƙushe. Malfar da kwanon kowanne yana sanye da rigar ƙarfe, kuma rigunan nan biyu su ne ake canzawa.

Akwai inji na uku da aikinsa duka ne maimakon matsa. Wani gangan ƙarfe ne ke juyawa da gudu, an ɗaura masa sanduna masu kauri, galibi uku ko huɗu. Suna bugun dutse su jefa shi ga bangon ƙarfe ya tarwatse. Wannan yana fitar da tsakuwa mai kyan siffa, kuma kuɗin sayensa bai kai na mai turmi ba, amma sandunansa ba su jure kowane irin dutse.

A ƙarshe komai yana bi ta kan rariya mai girgiza, hawa biyu ko uku, wadda ke raba tsakuwa gwargwadon girma. Daga nan ne lambobin da magina ke faɗa suka fito. Idan aka ce 5/15, ana nufin tsakuwar da ke tsakanin milimita 5 da 15. Ta 15/25 ta fi ta girma, ita kuwa 0/5 garin dutse ce. Masu aikin kwalta suna da nasu ma'auni, irin su 6/10 da 10/14. Ita ma rariyar tana cinyewa, ramukanta su buɗe, tsakuwar da ba ta kamata ta wuce ba ta wuce.

Ƙarfen da duka ke ƙara wa tauri

Tambayar da ta daɗe tana damun maƙera ita ce wane ƙarfe zai iya wannan aiki. Ƙarfe mai tauri sosai yana tsagewa kamar tangaran idan ya sha duka mai ƙarfi. Mai laushi kuwa ba ya karyewa, amma dutse yana kankare shi cikin ƴan kwanaki. Amsar ta fito ne a 1882 a birnin Sheffield na ƙasar Ingila, inda Robert Hadfield ya gano cewa idan aka haɗa ƙarfe da sinadarin manganis kashi 12 zuwa 14 cikin 100, da kabon ɗan sama da kashi 1, ana samun wani ƙarfe mai halin ban mamaki.

Lokacin da ya fito daga masana'anta ba shi da wani tauri na a zo a gani. A ma'aunin Brinell, wanda ake gwada taurin ƙarfe da shi, yana wajen 200. Amma da ya fara shan duka da matsi, fatarsa ta waje sai ta taurare har ta haura 500, cikinsa kuwa yana nan da danƙo, ba ya karyewa. Idan dutse ya kankare fatar, wadda ke ƙarƙashinta ta sha duka ita ma ta taurare. Manomi ya san wannan a tafin hannunsa: riƙon hauya ne ke sa kanta, kuma kantar ce ke kare naman da ke ciki.

Sirrin yana wurin gashi. Bayan an yi zubi, ana mayar da ƙarfen cikin tanderu har zafi ya haura digiri 1000, a bar shi ya ratsa ko'ina, sannan a tsunduma shi cikin ruwa nan take. Maƙerinmu na gargajiya yana tsoma bakin gatari a ruwa ne domin ya yi tauri. A ƙarfen manganis tsomawar danƙo take ba shi. Idan masana'anta ta yi ƙwauron wuta, ko ta yi jinkirin tsomawa, farantin zai fito da kyan gani, an shafe shi da fenti, amma cikinsa gautsi ne. Ido ba ya gane wannan, sai ranar da ya tsage a tsakiyar aiki.

A kasuwar duniya yau ana sayar da shi hawa uku: mai manganis kashi 14, mai 18, da mai 22, yawanci da ɗan sinadarin kurom a ciki. Mai kashi 18 shi ne aka fi amfani da shi domin yana tafiya da yawancin duwatsu. Abin lura shi ne nahiyarmu ce kan gaba wajen haƙo manganis: Afirka ta Kudu ce ta ɗaya a duniya, Gabon tana haƙa a Moanda, Gana a Nsuta, kuma akwai babban ma'adini a Tambao cikin Burkina Faso, kusa da iyakarmu. Amma farantan da aka zuba, daga Sin ko Indiya ko Turkiyya ko Turai muke sayo su.

Dutsen Damagaram daban, na Adar daban

Babban abin da ke cin ƙarfe a cikin dutse shi ne ƙanƙara, wadda masana ke kira kwaz. A ma'aunin Mohs, da ke jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 gwargwadon tauri, ƙanƙara tana kan 7, wato ta fi ƙarfen wuƙa tauri, tana iya karce shi. Sinadarin da ya yi dutsen farar ƙasa kuwa yana kan 3 kacal. Wannan tazara ce ke sa faranta iri ɗaya su yi shekara a wani wuri, a wani wurin su ƙare cikin makonni.

A ƙasar Nijar dutse mai tauri ba ko'ina yake ba. Akwai garanit a Damagaram, inda manyan duwatsu ke zaune har cikin unguwar Birni, ya miƙa gabas zuwa Muniyo wajen Gure. Akwai shi a kudancin jihar Maraɗi, wajen Ɗan Isa da Maraka kusa da iyakar Najeriya. Akwai shi a yammacin kogin Isa, yankin Liptako wajen Tera da Torodi, sannan a tsaunukan Abzin. Garanit yana ɗauke da ƙanƙara mai yawa, kashi 20 cikin 100 ko fiye. Yana ba da tsakuwa mai ƙarko ga kwalta da gada, amma yana cin ƙarfe ba tausayi. A nan muƙamuƙi da turmi masu rigar manganis ne suka dace. Wanda ya sa injin sanduna a kan garanit domin ya same shi da sauƙin kuɗi, zai ƙare yana canjin sanduna ba hutu.

A Adar labarin ya bambanta. Dutsen farar ƙasa ne ya yawaita a jihar Tawa, kuma shi ne dalilin kafa masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960. Wannan dutse ba ya cin ƙarfe sosai, don haka injin sanduna ko mai guduma yana aiki lafiya a kansa, ya fasa shi a zagaye ɗaya ko biyu. Sandunan ma iri-iri ne. Na manganis suna jure manyan ɓaraguzai. Na farin ƙarfen zubi mai yawan kurom sun fi daɗewa, amma ba su son dutse babba, kuma idan guntun ƙarfe ya faɗa ciki suna iya karyewa. Akwai na tsakiya da ake kira martansit, akwai kuma waɗanda aka dasa wa ƙwayoyin tangaran mai tauri a baki domin su ƙara kwana.

Sai kuma tsakuwar gulbi, wadda ake tonowa a tsofaffin kwarin ruwa kamar na yankin Maraɗi. Ƙanana ce, mulmulalla, amma yawancinta ƙanƙara ce tsantsa, gauraye da rairayi. A nan ne ƙarfen manganis ke iya ba mutum kunya. Tun da duwatsun ba su da girman da za su dake shi ya yi kanta, rairayin sai ya yi ta gugarsa yana da laushi, kamar yadda ake wanke tukunya da yashi. Shi ya sa mai manganis kashi 22 ba koyaushe ne ya fi ba, ko da ya fi tsada. Ƙarfen da ya dace da dutsen wurin shi ne mai kyau.

Tsakanin waɗannan yankuna, a Doso da arewacin Maraɗi da wurare da dama na Tawa, rairayi ne da marmara suka rufe ƙasa. Duk aikin da ke bukatar tsakuwa mai tauri a can, kamar gyaran babbar hanya mai lamba 1 da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram zuwa Difa, sai an yi jigilarta daga nesa. Wuraren fasa dutse ƙalilan ne ke ciyar da yanki mai faɗi, don haka idan ɗaya ya tsaya, garuruwa da yawa ne ke ji a jikinsu.

Lissafin da ya kamata a yi

Kuskuren da aka fi yi shi ne duban kuɗin saye kaɗai. Masu sana'ar da suka ƙware suna raba kuɗin faranta ne da yawan tan ɗin da suka fasa kafin su ƙare. Bari mu ɗauki misali domin a gane, ba farashin kasuwa ba ne. A ce wani ya sayi faranta biyu a kan sefa miliyan 3, suka fasa tan 30.000. Kowane tan ya ci masa sefa 100, wato dala 20 a ƙirgen kasuwa. Maƙwabcinsa ya samu wasu a kan miliyan 2, yana murna ya rage miliyan guda, amma suka ƙare a tan 10.000. Shi kowane tan ya ci masa sefa 200. Kafin ya kai tan 30.000 ya kashe miliyan 6, ya kuma tsayar da inji sau uku maimakon sau ɗaya. Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

Tsayawar ita ce asarar da ba a rubutawa. Ranar da ake canji, ma'aikata suna cin albashi, katafilar haya tana ƙirga awa, kamiyoyi suna komawa wayam. Idan kuwa babu wasu faranta a ajiye, tsayawar ba ta yini ɗaya ba ce. Nijar ba ta da teku. Daga tashar Kwatano zuwa Yamai ya haura kilomita 1000, kuma tun bayan abubuwan da suka faru a watan Yuli na 2023, da rufe iyaka da Benin, kaya da yawa suka koma bin Lome su ratso Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo, ta fi tsada, ta fi jinkiri. Daga Yamai zuwa Damagaram akwai ƙarin kusan kilomita 900. Wasu ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram suna nema ta Kano, amma ba kowane samfurin inji ake samu a can ba. Idan aka haɗa lokacin zubi, tafiyar jirgin ruwa, duwan da hanya, odar da aka bayar yau tana iya cin watanni. Mai wurin da ya jira sai farantansa sun ƙare kafin ya yi oda, ya riga ya rasa rani guda, kuma rani ne lokacin gini.

Wajen saye akwai hanya biyu. Ko a saya daga kamfanin da ya ƙera injin, irin su Metso na ƙasar Finlan ko Sandvik na Suwidin, ko a saya daga masana'antun zubi masu kwaikwayon samfurin. A cikin na biyun akwai masu aiki mai kyau ƙwarai, akwai kuma masu ha'inci. Mai saye yana da ƴan dabarun kare kansa. Ya nemi takardar da ke nuna sinadaran da ke cikin zubin da lambar da aka buga a jikin ƙarfen. Ya auna nauyi ya gwada da na asali, domin wanda ya gaza nauyi an rage masa kauri ne ko yana da kogo a ciki. Ya duba bayan farantin ko an goge shi sumul yadda zai zauna daram. Sannan ya ɗora mayen ƙarfe: manganis na gaskiya kusan ba ya kama shi, idan kuwa ya manne da ƙarfi a sabon faranti, to akwai magana. Mafi muhimmanci, ya riƙe littafi: ranar da aka ɗaura, ranar da aka cire, tan nawa aka fasa. Bayan canji uku ko huɗu, littafin zai gaya masa wane mai kawo kaya ne na gaskiya.

Hannun ma'aikaci yana ƙara kwana, yana ragewa

Ko faranta sun kai yaya a inganci, yadda ake ciyar da inji ne ke yanke rabin kwanansu. Abu na farko shi ne tace ƙasa da garin dutse kafin su shiga muƙamuƙi. Ba su bukatar fasawa, aikinsu kawai cike tsakanin haƙora da gugar ƙarfe, musamman da damina idan suka jiƙe suka zama laka. Shi ya sa ake sa wasu sanduna masu tazara a gaban baki domin su zube ƙasa.

Na biyu shi ne girman abin da ake jefawa. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada dutse ya wuce kashi 80 cikin 100 na faɗin bakin. Wanda ya fi haka yana maƙalewa a sama, ya yi ta gugar wuri ɗaya. Na uku ya shafi mai turmi: yana son a cika shi, dutse ya zagaye malfar ko'ina daidai. Idan ana zuba masa kaɗan-kaɗan, ko ta gefe guda, rigar tana cinyewa a karkace, a jefar da ita alhali wani ɓangarenta ko rabi bai ci ba. Idan ya cika kuwa, duwatsun suna murƙushe junansu, ƙarfe ya huta, tsakuwa ta fito da kyau.

Farantan muƙamuƙi sun fi cinyewa ta ƙasa, inda ya fi matsewa, kuma na kafe ya fi saurin ƙarewa. Yawancinsu an yi su yadda za a iya juya su, ƙasa ta koma sama. Wanda ya juya a kan lokaci yana cin moriyar kai biyu. Wanda ya bari haƙoran ƙasa suka shafe sarai, ya makara. Haka kuma tazarar da ke ƙasa tana buɗewa yayin da ƙarfe ke raguwa, don haka dole a riƙa aunawa ana matsewa. A mai turmi, tsohuwar dabara ita ce a zura dunƙulen dalma da waya, injin ya matse shi, a auna kaurinsa. Idan fitar kaya ta ragu da kusan kashi 10 cikin 100 alhali ba a canza komai ba, alama ce lokacin canji ya yi. Ƙoƙarin cinye ƙarfe har ƙarshe yana jawo ya huje, dutse ya taɓa gangar jikin injin, wadda kuɗinta ya ninka na rigar sau da yawa. Ko an yi komai daidai, wani kaso mai yawa na nauyin rigar, wani lokaci kusan rabi, yana komawa hannun masu sayen tsohon ƙarfe ne.

Babban abokin gaba shi ne baƙon ƙarfe: haƙorin katafila da ya ɓalle, guntun sandar huda, kan guduma. A muƙamuƙi akwai wani faranti a baya da aka yi shi da gangan domin ya karye idan abu ya gagara fasuwa, kamar yadda fis ke ƙonewa ya ceci rediyo. Wasu makanikai idan ya karye sukan ƙera wani da ƙarfe mai kauri su sa, suna ganin sun yi gyara. Ranar da wani baƙon ƙarfe ya sake faɗawa, abin da zai karye ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Ana rataya babban mayen ƙarfe a kan bel domin tsince irin waɗannan, amma tun da guntun manganis ba ya kamuwa, sai an haɗa da na'urar gano ƙarfe ko idon mutum.

Game da walda kuwa, a yi hattara. Masu waldarmu suna da basira, kuma cike wurin da ya cinye yana yiwuwa. Amma ƙarfen manganis ba ya son zafi ya daɗe a jikinsa. Idan ya haura wajen digiri 260 zuwa 300 ya jima, danƙon nan da aka samu wurin tsomawa yana gushewa, ya koma gautsi. Ba a gasa shi kafin walda, ana yi ne gajere-gajere ana bari ya huce, kuma da sandar walda ta musamman.

Rai da lafiya

Canjin faranta yana cikin ayyuka mafi haɗari a wurin. Ƙarfe ne mai nauyin ƙaramar mota ana ɗaga shi a wuri matsattse, mutane na ƙasa. Akwai ɗabi'ar liƙa kunne da walda a jikin tsohon faranti domin a sa ƙugiya. Idan da sandar walda ta gama-gari aka liƙa, kunnen yana iya ɓallewa ƙarfe na sama. Ramukan ɗagawa da kayan da masana'anta ta tanada su ne abin amfani. Kafin kowa ya shiga cikin inji, a kashe wuta, a sa kwaɗo a makunni, wanda ya shiga ya riƙe makullin a aljihunsa. Dutsen da ya maƙale a baki kuma ba a zungurarsa da sandar ƙarfe injin yana tafiya.

Sai ƙura. Ƙanƙarar da ke cin ƙarfe ita ce ke cin huhu. Garinta mafi laushi, wanda ido ba ya gani, yana shiga ya zauna, bayan shekaru ya jawo cutar da likitoci ke kira silikoz: tari, sarƙewar numfashi, kasala. Ba ta da magani, kuma tana buɗe ƙofa ga tarin fuka. Ƙyallen rawani ba ya tare ta. Yayyafa ruwa a bakin inji da inda bel ke juyewa, da takunkumi na gaskiya, su ne kariya. Ruwan yana ɗan ƙara cin ƙarfe, amma faranti ana sayo wani, huhu kuwa babu na canji. Wannan ya shafi har mata da matasan da ke fasa dutse da guduma a gefen Damagaram da wasu garuruwa, da unguwannin da gari ya faɗaɗa har suka iske wuraren haƙa.

Abin da mai gini zai duba

Injin da ƙarafansa suka cinye yana barin shaida a tsakuwar da ya fitar. Maimakon ta fito dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar sukari, sai ta fito falle-falle ko zaƙo-zaƙo, girmanta a gauraye. Irin wannan ba ta shiga juna da kyau a kankare, tana barin kogo, tana sa magini ya ƙara ruwa domin kwaɓin ya bi, kuma yawan ruwa shi ne ke raunana dal da ginshiƙi. A kwalta kuwa, falle-fallen suna karyewa ƙarƙashin tayar manyan motoci, hanya ta fara ramuka tun ba ta tsufa ba. A manyan ayyukan gwamnati akwai ɗakin gwaje-gwajen ayyukan jama'a da gine-gine na ƙasa da ke Yamai, inda ake auna siffar tsakuwa da juriyarta. Mai ginin gida ba shi da wannan, amma yana da hannu da ido.

Kafin a juye kamiyo, ka hau ka ɗebo cikin hannu daga wurare uku, har da ƙasa-ƙasa. Ka ware falle-fallen gefe guda. Idan sun yi yawa, ka yi magana tun kaya na bisa mota. Ka duba ko girman ya dace da lambar da ka biya, domin 5/15 da ke cike da manya alama ce rariya ta yage. Ka murza a tafin hannu: idan ta bar laka ko gari mai yawa, sai an wanke kafin a kwaɓa, don siminti ba ya kama dutse mai datti. Ka tambayi direba daga wane wuri aka ɗauko, kuma idan ka dace da mai kyau, ka riƙe sunan wurin ka gaya wa magininka. Wurin da ke canza ƙarafansa a kan lokaci yana iya ɗara saura da ƴan jikkuna a kamiyo, amma dal ɗin da za a zuba da tsakuwarsa, iyalinka ne za su kwana ƙarƙashinta shekara da shekaru.